Yadda Haladu Ya Naɗa Ni Sarkin Tukunya

Bana shekara ashirin da ɗaya ke nan da rasuwar Haladu, ɗan kawuna, wanda mutanen Birnin Kudu suka fi sani da Haladu Majigi. Ya rasu da bazara, ana ta duban gabas ana jiran ruwan shuka. Tun daga lokacin ban taɓa rubuta komai a kansa ba, don ni tela ne, karatuna bai wuce elementare ba, hannuna ya fi sabawa da almakashi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yanzu ƙaramin abu ne. Kwanan baya na shigo gida na tarar da jikokina a zaure sun haɗa kai a kan waya ɗaya. Fim suke kallo, na wasu matafiya da suka ɓata a daji, masu cin naman mutane suna bin sawunsu. Ƙaramar cikinsu, Ummi, ta rufe fuska da tafin hannu tana leƙe ta tsakanin yatsu. Na tsaya a kansu na ɗan kalla, sai na ji dariya ta taso mini. Kafin ta fito sai na tuna da Haladu, na wuce ciki.

Mahaifiyata da mahaifin Haladu uwa ɗaya uba ɗaya suke. An kai ta aure Sara, a ƙasar Gwaram, can aka haife ni, shi kuma an haife shi a Birnin Kudu. Mu taubasai ne ke nan. Yaran yanzu sun san kalmar, amma ban ga sun san nauyinta ba. A zamaninmu taubashinka yana da izinin ya ɗauke maka hula a tsakiyar kasuwa, ya ce gidanku ba a iya tuwo ba, ya ce kakanka bai taɓa mallakar jaki ba, kuma ba ka da damar yin fushi. In ka ɓata rai, kai manya za su yi wa faɗa. Abin da kawai aka yarje maka shi ne ka rama. Ni da Haladu mun tashi a kan haka, kuma da na zo Birnin Kudu koyon ɗinki na zauna a gidan Kawu, sai abin ya zama na safe da yamma.

A shekarun da aka samu 'yancin kai Haladu ya samu aiki a motar majigi ta gwamnati, wadda take zagaya ƙauyuka tana nuna yadda ake shuka gyaɗa a jere, da haƙa masai, da kai yara rigakafi. Aikinsa shi ne riƙe lasifika ya yi wa mutane bayanin abin da suke gani. Abin da aka rubuta masa ya karanta ba ya wuce layi kaɗan, sauran daga kansa yake fitowa. In mutumin cikin majigi ya ƙi wanke hannu, sai Haladu ya ba shi suna da unguwa, ya faɗi abin da matarsa take cewa a kansa. Mutanen ƙauyuka irin su Sundimina da Unguwar Ya sukan zo kallon fim ɗin da suka riga suka gani, don ba su san abin da zai faɗa wannan karon ba.

Da kuɗin mai suka shigo ƙasa, kowa ya fara sayen keke da rediyo, sai ya ajiye aikin gwamnati ya sayo tsohon injin majigi da ɗan janareto a Kano. Ni na ɗinka masa farin alawayyon da ake haskawa a kai, na yi masa kalmasa mai kauri don kada iska ta yage shi. Ya kewaye wani fili a bayan tasha da zana, ya jera benci. Bayan sallar isha'i akan fara, kuma kafin dare ya raba an watse. Finafinan Indiya yake kawowa, da na kaboyi, da na masu faɗa da hannu. Ba ya jin Indiyanci, Turancinsa kuwa na gaisuwa ne. Fuska yake karantawa. In jarumi ya buɗe baki ya daɗe yana magana, Haladu ya ce, "Yana cewa shi ba zai biya sadaki sau biyu ba," kuma duk filin ya yarda.

Yanzu na ga fassarar fim ta zama babbar sana'a, har a waya ana samunta da Hausa. Nakan yi tunanin abin da zai ce da ya gani. Na san zai fara da cewa an sace masa sana'a ba a yi masa sallama ba. Bayan haka ina jin zai ɗan saurara, ya yaba wa masu iyawa, don shi ba mai hassada ba ne. Amma zai ce akwai abin da ba su da shi. Ba su san wanda yake kallo ba. Shi ya san kowa a filin nan, ya san wanda jakinsa ya ɓata da wanda ya yi sabuwar amarya, kuma da su yake yin fassararsa.

Wanda yake kula masa da janareto wani makanike ne mutumin kudu, sunansa Sunday, mu muka mayar da shi Ɗanladi. Ya daɗe a garin, ya ji Hausa sarai. Matarsa, wadda kowa yake kira Madam, tana da rumfa a tasha, tana sayar da shinkafa da farfesu a wata babbar baƙar tukunya. Lokacin tashin hankalin da ya zo kafin yaƙin basasa, Ɗanladi ya gudu da iyalinsa, ya bar akwatin kayan aikinsa a hannun Kawu. Kawu ya binne shi cikin dawa a rumbu. Bayan yaƙi ya dawo a rame kamar ba shi ba, Kawu ya fito masa da akwatin, ko sifana ɗaya ba ta ɓata ba. Na ga Ɗanladi ya zauna a ƙasa ya buɗe akwatin, ya daɗe yana kallo. Daga ranar ya ce shi ya dawo ke nan.

Wani zuwa Kano, mai ba Haladu hayar fim ya miƙo masa wasu gwangwanayen fim ba rubutu a jiki, ya ce na daji ne, mutane za su so shi. Haladu ya ɗauka namun daji ne. Ya dawo ya ɗaura lasifika a keke ya zagaya gari yana shela cewa yau akwai zaki, akwai giwa, kowa ya zo da ɗansa ya ga ikon Allah. Bai gwada fim ɗin ba kafin dare, don ba ya son ƙona man janareto a banza. Filin ya cika har bakin zana.

Aka fara. Wasu Turawa ne, maza uku da mace ɗaya, motarsu ta lalace a wani daji mai duhu, itatuwa sun rufe sama. Suka ɗauki kaya suka shiga da ƙafa. Haladu ya ba su sunaye, ya ce neman zakin suka tafi. Wani tsoho mai sayar da goro, Malam Buba, ya ce daga bencinsa, "Waɗannan baƙi ba su da ladabi. Sun shiga ƙasar mutane ba sallama, ba su nemi mai gari ba." Aka yi dariya. Aka jira zaki, zaki bai zo ba. Sai aka fara ganin idanu a cikin ganye. Sai aka ga ɗaya daga cikin matafiyan ya taka igiya ta fizge shi sama. Waɗanda suka fito daga cikin ganyen sun shafa farar ƙasa a jiki, suna riƙe da masu, babbansu mai tumbi ne da ƙashi a hanci. Suka ɗora wata tukunya a wuta. Ba zan faɗi abin da ya biyo baya ba. Mu da muka saba da waƙar Indiya ba mu taɓa ganin irinsa ba.

Wannan ne karo na farko da na ji lasifikar Haladu ta yi shiru. Yara suka fara kuka, wasu manya suka ɗauke kai suna salati. A cikin shirun nan wani ya ɗaga murya daga baya ya ce, "Haladu, wai wane gari ne wannan?" Shi kuwa bakinsa bai saba da rashin amsa ba. Ya dubi itatuwan ya ce, "Kurmi ne. Can kudu." Ɗanladi yana durƙushe a gindin janareto, ƙara ba ta bar shi ya ji ba.

A duk garin, mutanen kurmi da yara suka sani su ne Ɗanladi da Madam, kuma Madam tana da babbar baƙar tukunya. Kowa ya san a wurin mahautanmu take sayen nama, kowa ya san shekarun da aka yi ana cin abincinta. Amma tsoro ba ya tsayawa ya yi wannan lissafi. Direbobin da suke wucewa suka ci gaba da ci, 'yan gari suka janye. Yara suka fara tsayawa nesa da rumfar suna rera wata waƙa da suka ƙirƙira. Wata mata da ɗanta ya yi jinkirin dawowa daga itace ta zo ta tsaya a kan tukunyar tana leƙawa, sai da yaron ya ɓullo da ƙunshinsa a ka ta juya. 'Yar Ɗanladi ta dawo daga makaranta tana kuka, an ƙi zama kusa da ita. Daga baya aka jefa dutse a kan kwanon ɗakinsu.

Haladu ya yi iya ƙoƙarinsa ta hanyar da kowa zai bi. Ya shiga kasuwa yana cewa wasan kwaikwayo ne, jinin ma jan rini ne, mutanen da aka cinye suna nan da ransu a ƙasarsu. Sai a gyaɗa kai a ce, "Haka ne. Amma ai kai ka ce kudu ne." Liman ya yi wa'azi a kan haƙƙin maƙwabci, manya suka ji kunya, amma kunyar ba ta mayar da kowa rumfar Madam ba.

Wata safiya Ɗanladi ya zo shagona da tsofaffin buhuna, ya ce in haɗa masa su in yi manyan jakunkuna masu hannu. Ban tambaye shi na mene ne ba. Na taɓa ganin irinsu a kansa shekarun baya. Ya ce, "Malam Isuhu, wancan karon na jira har ya zama gudu. Wannan karon ina so in tafi da ƙafata, da rana." Na karɓi buhunan na ce aiki ya yi mini yawa, sai wani mako. Da ya tafi na rufe shago na je na gaya wa Haladu. Yana goge injinsa, ya ajiye tsumman ya miƙe.

Dattawa sun riga sun ce a mayar da gwangwanayen Kano. Haladu ya je ya durƙusa gaban mai unguwa ya roƙi a bar shi ya sake nuna fim ɗin sau ɗaya. Mai unguwa ya ce, "Wanda ka nuna bai ishe ka ba?" Haladu ya ce, "Baba, bakina ne ya yi ɓarnar, ba injin ba. A bar bakin ya gyara. In bai gyaru ba, ni da kaina zan kwance zanar." Aka ba shi dare ɗaya.

Sai ya zo mini da fara'a, ya zauna a kan bencin shago ya ce, "Isuhu, aika Sara. Ka ce taubasaina duka su zo ranar kasuwa su kwana, kallo kyauta. Na tanadar muku benci a gaba." Na ce, "Kai da kyauta? Wace cuta ce ta kama ka?" Ya ce, "Zumunci." Ya kamata in yi zargin wani abu. Na aika. Yayana Tanko ya zo, da ƙannenmu, da 'ya'yan baffanninmu, kowa da babbar rigarsa ta Juma'a, muka zauna a gaba kamar manyan baƙi. Mutane sun zo, don an ji cewa Haladu zai yi wani bayani. Ɗanladi yana wurin janareto kamar kullum, kansa a sunkuye.

Da hoton dajin ya fito, Haladu ya gyara murya ya ce, "Jama'a, rannan na yi kuskure, ku yafe mini. Na sake dubawa da kyau. Wannan ba kudu ba ne. Na gane itatuwan. Bayan Sara ne, gab da gonar su Tanko." Yayana Tanko ya miƙe rabi ya koma ya zauna. Sai wani ya ƙyalƙyale da dariya a baya.

Haladu ya ci gaba. Matafiyan ya ce fataken Birnin Kudu ne da suka je sayen dawa suka taya da arha. Idanun cikin ganye ya ce ƙannena ne, ya kira su ɗaya bayan ɗaya da sunansu. Ya ce kada a ga laifinsu, rabon mutanen gidan nan da nama tun layyar bara, ita ma maƙwabta ne suka aiko musu. Da aka fizge mutumin farko sama, ya ce, "Wannan igiyar rijiyar Goggo ce, tun da ta ɓata ake nema." Sai babban nan mai tumbi da ƙashi a hanci ya fito, ya tsaya yana duban matafiyin daga sama har ƙasa. Haladu ya sassauta murya ya ce, "To ga shi nan. Isuhu tela ne, Sarkin Tukunya. Ku dubi yadda yake auna baƙo da ido. Shi ba ya bukatar awo, yana kallonka ya san yadi nawa ne kai." Duk filin ya juyo yana kallona. A lokacin ni siriri ne kamar kara.

Da wani ne ya faɗi haka, da an yi rigima. Amma taubashi ne, kuma kowa ya san taubashi ne. Abin da ya rage mana shi ne ramuwa. Yaya Tanko ya miƙe ya ce, "Ko yunwa za ta kashe mu ba ma cin ɗan gidan Kawu. Mun taɓa gwadawa, ɗaci gare ku." Wani ƙanena ya ce, "Wanda ya tsere ɗin can Haladu ne, ku dubi gudun matsoraci." Haladu ya amsa ta lasifika, mu muka amsa da baki. Wuraren da aka rufe ido rannan, yau ba wanda ya ma kalle su sosai, ana riƙe da ciki. Malam Buba mai goro ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Yaran da suka yi kuka wancan daren suna ta tsalle suna nuna ni. Na waiwaya na ga wani yana raɗa wa Ɗanladi abin da ake faɗa, ya ɗago kai yana kallon filin.

Da fim ya ƙare Haladu ya ce, "Saura abu ɗaya. Ana ta magana a kan tukunyar Madam. To ga masanin tukunya Allah ya kawo mana. Gobe da hantsi Sarki zai je ya ɗanɗana, ya gaya mana gaskiya."

Da hantsi suka zo suka ɗauke ni daga shago, Haladu a gaba yana yi mini kirari, yara a baya. Madam tana tsaye da ludayi, fuskarta a ɗaure, ba ta san ko wani sabon wulaƙanci ne ba. Na gaishe ta na zauna. Ta zuba ta ajiye a gabana. Na yi bisimilla, na kurɓi romo, na ɗaga ƙashi na duba shi a rana, na tauna a hankali, mutane sun kewaye ni. Na ce, "Akuya ce. Tsohuwa ma. Mu a Sara mun san bambanci." Mahaucin da ya sayar mata yana cikin taron, ya ce, "Tsohuwa a ina? Ni na yanka ta da asuba, ko haihuwa ba ta yi ba." Na miƙa kwano na ce a ƙaro in tabbatar. Madam ta dube ni, bakinta ya fara motsi, ta ce, "Sarki, a ci a hankali. Kwanon ba na ci ba ne." Haladu ya zauna kusa da ni ya sa hannu. Bayansa Yaya Tanko, bayansa Malam Buba. Kafin azahar tukunyar ta ƙare.

Ba zan ce komai ya gyaru a yini ɗaya ba. Akwai waɗanda ba su sake komawa rumfar ba. Amma yara sun samu sabon wurin zuwa. Sukan zo ƙofar shagona su ce, "Sarkin Tukunya," in ɗaga almakashi in ƙyasta shi sau biyu, su watse suna dariya. 'Yar Ɗanladi ma tana cikinsu. Bayan 'yan kwanaki Ɗanladi ya zo ya tsaya a bakin shago ya tambaye ni ko na fara jakunkunan. Na ce ban fara ba. Ya ce, "To haɗa mini su shimfiɗa guda, ta kwanciya ƙarƙashin mota."

Na tambayi Haladu daga baya, muna cin gyaɗa a ƙofar gida, me ya sa duk garin nan sai ni. Ya ce, "Kai ɗan gida ne. In an ce kana cin mutane, dariya za a yi, a kawo maka ɗinki gobe. Shi in an faɗa masa, kaya zai ɗaure." Ya ɓare gyaɗa ya ƙara da cewa, "Kuma ka yi kama da mai ƙashin." Sunan bai sake barina ba. Da na je neman aure, surukaina da shi suka san ni. Kowace shekara ranar cika-ciki Haladu yakan zo gidana ya tsaya a zaure ya ce, "Sarki, wa aka ci bana?" Nakan ce muna jiran ya yi ƙiba. Bai taɓa yin ƙibar ba.

Yau in na dubi hanyoyinmu nakan tuna fim ɗin nan, ba da dariya ba. A lokacinmu masu farautar matafiya a jikin alawayyo suke, in an kashe janareto sun tafi. Mota in ta lalace tsakanin Gwaram da Birnin Kudu, mutanen ƙauye ne za su fito da ruwa da fura. Yanzu in ɗana zai yi tafiya mai nisa uwarsa ba ta zama sai ya kira ya ce ya isa. Kuma magana ɗaya a waya takan sa a kewaye baƙo kafin a tambaye shi sunansa. Nakan tambayi kaina me Haladu zai yi. Ban sani ba ko dabararsa za ta ci yanzu. Shi yana da fili guda da duk gari yake zama a ciki, yana da taubasan da za su ɗauki zagi su mayar da shi wasa. Jikokina kuwa gaisawa suke yi da taubasansu kamar baƙi, kowa yana tsoron kada a ɓata wa wani. Abin da na tabbata shi ne ba zai yi shiru ba. Zai nemi wanda zai iya ɗaukar maganar ya ɗora masa, ko da ni ne a karo na biyu.

Da bidiyo ta zo, majigi ya mutu. Haladu ya kwance zanar da kansa, ya buɗe ɗan tebur yana sayar da batir da kaset, bai taɓa yin ƙorafi ba. Ciwonsa bai daɗe ba. Ranar da ya rasu aka kawo farin alawayyo sabo, aka ce in yanka likkafani, wani ya miƙo mini abin awo. Na ce a bar shi. Na yanka, kuma ya yi daidai.

A zaman makoki na kasa cin komai. Madam ta aiko da abinci a tukunyar nan tata, ta tsufa ita ma. Ɗanladi yana zaune kusa da ni a kan tabarma, kansa ya yi fari fat. Ya ga kwano a gabana ban taɓa ba, ya tura mini shi da yatsa ya ce a hankali, "Sarki, ci mana. Akuya ce." Na ci. Bayan wasu shekaru shi da Madam suka koma garinsu don tsufa, da rana, muka raka su tasha aka yi ta bankwana. Ɗansu na fari yana nan, shi yake riƙe da garejin mahaifinsa.

Haladu bai bar gida mai bene ba, injinsa ma tsatsa ta cinye shi. Ya bar 'ya'ya masu kirki, ya bar gidan mutanen da ba su ɗaure kaya ba, ya bar mini suna. Kwanaki ɗana ya ji yaran unguwa suna kirana da shi, ya fita zai yi musu faɗa, wai ni dattijo ne, a ce Baba Alhaji. Na ce ya ƙyale su. Ba su san daga inda sunan ya fito ba, amma ni na sani, kuma duk wanda ya kira, na san wa nake amsa wa.

Ranar nan da na tarar da jikokina suna kallo, bayan magariba Ummi ta zo ta tsaya a ƙofar ɗakina, ta ƙi shiga ta ƙi tafiya. Ta ce, "Kaka, da gaske akwai masu cin mutane?" Na ce, "Akwai mana. Ni ne sarkinsu. Zo in auna ki." Na ɗauko tsohon almakashina na ƙyasta sau biyu. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Kai da ba ka da haƙori?" Ta fita tana dariya, na ji tana gaya wa sauran.

Allah ya jiƙan Haladu, ya haskaka masa makwancinsa, ya yafe masa abin da ya faɗa a kan mutanen Sara.